Rikici da Wurin Aiki: Wace Hanyar Sulhu Ce Ta Fi Rufa Asiri?

Wanda aka sallama daga aiki aka riƙe masa albashi da kuɗin sallama, abu biyu ke cin ransa lokaci guda. Yana son haƙƙinsa, kuma ba ya son sunansa ya zaga gari a matsayin mai kai ƙara, domin gobe wani wurin zai je neman aiki. Shi ma mai kamfanin ko mai makarantar yana da nasa tsoron: kada sauran ma'aikata su ji nawa aka biya wane, kada abokan hulɗa su ga sunansa a jarida. Shi ya sa kowa ke saurin cewa a zauna a sasanta. To amma zaman sasanci iri-iri ne a Najeriya, kuma ba kowanne ne doka ta ɗaure bakin waɗanda suka halarta ba. Wani zaman, abin da ka faɗa ya mutu a ɗakin. Wani kuwa, da maganarka za a kama ka a gaban alƙali.

Ma'aunin da za a duba

Rufin asiri shi ne na farko, kuma tambaya uku ce a cikinsa, ba ɗaya ba. Shin jama'a za su ji? Shin alƙali zai ji, idan sulhu ya wargaje aka koma kotu? Wannan ta fi muhimmanci, ko da yake ita aka fi mantawa. A zaman sulhu mutum kan saki baki ya ce "gaskiya na yi ta makara a watan nan," ko "ko rabin kuɗin aka ba ni zan karɓa." Idan za a iya maimaita wannan a kotu, ka riga ka rage wa ƙararka ƙarfi da bakinka. Tambaya ta uku: abin da ka gaya wa mai shiga tsakani ku biyu kaɗai, zai kai wa ɗaya ɓangaren?

Bayan sirri sai kuɗin da hanyar za ta ci, sai ƙarkon abin da aka cimma (idan mai aiki ya ce ya fasa biya, da me za ka tilasta shi?), sai sauƙi da tsawon lokaci, sai haɗarin da ke ɓoye a ciki.

Sulhun manya

Nan aka fi farawa: shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, mai unguwa, limami, ko wani dattijo da mai aikin ke jin nauyinsa. Ba ya cin kuɗi in ban da goro da na mota, kuma ana iya gamawa a zama ɗaya. Ga yaron shago, direban gida, mai gadi ko malamin makarantar kuɗi da ba shi da takardar ɗaukar aiki, sau da yawa wannan ce hanyar da ta fi saurin fitar da wani abu.

Sirrinsa kuwa ya dogara ne kacokan ga mutuncin waɗanda suka zauna. Babu wanda ya sa hannu cewa ba zai faɗa ba, kuma zaman da aka yi da mutum shida a zaure, kafin la'asar unguwa ta ji. Ta fuskar kotu akwai 'yar kariya: sashe na 26 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kafa hujja da iƙirarin da aka yi bisa sharaɗin cewa ba za a kai shi gaban kotu ba, ko a yanayin da kotu za ta fahimci haka aka amince. Matsalar ita ce kai za ka tabbatar da cewa an yi wannan sharaɗin, alhali komai da baki aka yi. Sashe na 196 ya fi ƙarfi, amma takarda yake karewa: wadda aka rubuta wa "without prejudice" (wato tayin ba zai zubar maka da haƙƙinka ba) a samanta yayin neman sasantawa a wajen kotu. Don haka ko a gaban dattawa za a zauna, duk tayin da za ka miƙa a rubuce ka sa masa waɗannan kalmomin.

Haɗarin da ya fi girma a nan kunya ce. Ana ce maka "ka yi haƙuri, ka bar wa Allah," sai ka wayi gari ka yafe kuɗin wata uku don kada a ce ka watsa wa babba ƙasa a ido. In kuma mai aikin ya saɓa alkawari, sai dai ka koma wurin dattijon.

Ofishin ƙwadago da matakan Dokar Rikicin Ma'aikata

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofisoshi a jihohi, kuma jami'anta na karɓar koke su gayyaci mai aiki. Takardar gayyata mai tambarin gwamnati kaɗai takan sa wasu su nemi a daidaita. Ba a buƙatar lauya.

Idan rikicin na ƙungiya ne, akwai tsarin da Dokar Rikicin Ma'aikata, wadda asalinta dokar soja ce ta 1976, ta shimfiɗa. Ɓangarorin za su fara gwada hanyar da suka riga suka amince da ita. In ta gaza, cikin kwana 7 su zauna gaban mai shiga tsakani da suka zaɓa tare. In shi ma bai daidaita su cikin kwana 7 ba, a kai wa Ministan Ƙwadago rahoto a rubuce cikin kwana 3. Minista na iya naɗa mai sasanci, sannan ya tura maganar ga kwamitin yanke hukunci kan rikicin ma'aikata, daga can kuma zuwa Kotun Ma'aikata. Yayin da ake bin matakan nan doka ta hana yajin aiki, kuma sashe na 43 na wannan dokar shi ne tushen "ba aiki, ba albashi" da gwamnati ke yawan ɗagawa.

A lura da kalmar rahoto. Tsarin an gina shi ne a kan kai bayani sama: wuraren da aka saɓa, da matakan da aka ɗauka, duk suna shiga fayil ɗin ma'aikatar. Wannan ba ɗakin sirri ba ne, ofishin gwamnati ne. A manyan rikice-rikice ma babu batun sirri ko kaɗan. Duk wanda ya bi yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye shi 14 ga Oktoba, ya ga yadda kowane ɓangare ke fitowa daga taro ya nufi 'yan jarida, har Minista Chris Ngige ya miƙa maganar ga Kotun Ma'aikata, ta ba da umarnin komawa aji ranar 21 ga Satumba. Shugaban ƙungiya ba zai iya ɓoye wa dubban mambobinsa abin da aka yi masa tayi ba, kuma bai kamata ya ɓoye ba. Wani abin lura kuma: idan gwamnati ce mai aikin, mai shiga tsakanin ma ɗan gidan ne.

Mai sulhu mai zaman kansa

Nan ne doka ta fi yin magana dalla-dalla. Ranar 26 ga Mayu 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar sasanci da sulhu, wadda ta maye gurbin ta 1988. Sashe na 76 ya ce duk bayanin da ya shafi zaman sulhu sirri ne, sai dai in ɓangarorin sun amince da akasin haka. Sashe na 77 ya hana kai waɗannan abubuwa gaban kotu a matsayin hujja: gayyatar da wani ya yi ta a zo a sasanta, ra'ayin da aka bayyana kan yadda za a daidaita, iƙirarin da aka yi a zaman, shawarar mai sulhu, nuna yarda da wani tayi, da takardar da aka shirya musamman domin sulhun. Dokar ta kuma dakatar da ƙirgar wa'adin shigar da ƙara muddin ana cikin sulhu, kuma yarjejeniyar da aka cimma ana iya tilasta ta a kotu. Don kauce wa gardama daga baya kan ko dokar ta shafi rikicinku, ku rubuta a takardar fara sulhu cewa kun amince ita za ta yi aiki.

Wannan kariya tana da iyaka, kuma gara a san iyakar kafin a buɗe baki.

Na farko, sirrin ba ya rufe laifi. Dokar ta ba da damar bayyanawa idan wata doka ta buƙata, ko domin aiwatar da yarjejeniyar, ko domin hana laifi ko tona shi, ko in akwai barazana ga wani ɓangare. Akawun da ya ce a zaman sulhu "e, na taɓa kuɗin amma zan mayar" kada ya ɗauka ya tsira daga 'yan sanda.

Na biyu, hujjar da dama can tana nan ba ta zama haramtacciya don an kawo ta teburin sulhu. Takardar tuhumar da aka ba ka bara, rajistar zuwa aiki, takardar albashi, saƙonnin WhatsApp, duk za su iya zuwa kotu. Abin da aka kare shi ne maganar da sulhun ya haifar.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Idan mai sulhu ya keɓe da kai ka gaya masa wani abu, dokar ta ba shi damar sanar da ɗaya ɓangaren jigon maganar, sai fa in ka gindaya masa sharaɗin cewa wannan tsakaninku ne. Ma'ana, shirunka izini ne. Kafin ka faɗa masa mafi ƙarancin abin da za ka karɓa, ko cewa mai gidan haya ya ba ka notis shi ya sa kake gaggawa, ka ce masa a fili kada ya wuce da ita.

Kuɗi fa? Mai sulhu mai zaman kansa ana biyansa, galibi ɓangarorin biyu su raba, kuma farashi ya danganta da gogewarsa da girman abin da ake jayayya a kai. Ga ƙaramin ma'aikaci da ke kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, hakan na iya cinye abin da yake nema. Mafi sauƙi su ne cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotunan jihohi. Ta Legas ta fara a 2002, ta Kano a 2009, kuma mutum na iya zuwa da ƙafarsa ba sai alƙali ya turo shi ba. Sai dai a tuna cewa tsarin mulki ya keɓe shari'ar ƙwadago ga Kotun Ma'aikata kaɗai, don haka tun farko ka tambayi lauya a ina za a tilasta yarjejeniyar idan aka saɓa. In kamfanin na ƙasar waje ne, kada a ruɗe ka da Yarjejeniyar Singafo ta 2019 kan aiwatar da sulhu tsakanin ƙasashe: ita da kanta ta cire rikicin aiki daga cikinta. Babban cikas ɗin wannan hanya dai shi ne ba ka da yadda za ka tilasta wa mai aiki ya zo.

Cibiyar sulhu ta Kotun Ma'aikata

Gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa zuwa sahun manyan kotuna, ya kuma ba ta ikon kafa cibiyar sulhu a harabarta. An kafa ta a 2015, zamanin Mai Shari'a Babatunde Adejumo, da rassa a Abuja, Kano, Gombe, Ibadan, Enugu da Kalaba. Shugaban kotun ko alƙalin da ƙara ke gabansa ne ke tura ta can. Ƙa'idar cibiyar ta 2015 ta ba da kwanakin aiki 21, da ƙarin da bai wuce 10 ba. Zaman na sirri ne, kuma in bai yi nasara ba, ana mayar da ƙarar ga alƙali ba tare da bayanin abin da aka tattauna ba.

Ƙarfin wannan hanya a bayyane yake. Mai aikin da ya yi watsi da dattijo da jami'in ƙwadago yanzu sammaci ne a hannunsa, kuma ya san abin da ke jiransa in ya ƙi. Wa'adin shigar da ƙara ya daina ba ka tsoro tunda ka riga ka shigar. Abin da aka cimma kuma kotu na karɓarsa ya zama hukuncinta, wanda za a iya kama kadara ko asusun banki a kansa, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da aka yi da yardar juna sai da izinin kotu.

A nan kuma raunin sirrin yake. Kafin ka isa ɗakin sulhu, ka riga ka shigar da takardun ƙara masu ɗauke da sunanka, sunan mai aikin da duk zargin da ka yi. Bayan an sasanta, sharuɗɗan da kotu ta mayar hukunci sun shiga kundinta, kuma wannan kotu ce da ke wallafa hukunce-hukuncenta a intanet. Tattaunawar ta ɓuya, farko da ƙarshe kuwa suna fili. Wanda ba ya son adadin kuɗin ya fito, sai ya tattauna da lauyansa ko za a biya shi tukuna sannan a janye ƙarar. Amma kada a janye kafin kuɗi su shiga asusu. Wanda ya yi haka ya saki reshe ya kama ganye.

Kuɗin shigar da ƙara ba shi ne matsala ba, na lauya ne, tare da na zirga-zirga ga wanda garinsa ke nesa da reshen kotun.

Shari'a a buɗe

Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, don haka babu sirri a nan. Za a yi maka tambayoyin ƙure a gaban kowa, lauyan kamfani zai tono duk kuskuren da ka taɓa yi, hukuncin kuma zai zauna a intanet inda duk mai son ɗaukarka aiki zai iya gani. Tana cin kuɗi da shekaru, musamman tunda Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 cewa ana iya ɗaukaka hukuncin Kotun Ma'aikata zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Duk da haka akwai abin da ita kaɗai ke bayarwa. Wanda aka kora da sunan sata alhali bai yi ba, kuɗin da za a ba shi a ɓoye ba zai goge tabon ba. Hukuncin da ya ce korar ba ta kan ƙa'ida shi ne abin da zai nuna wa duniya. Haka batun neman lalata da cin zarafi a wurin aiki, wanda tsarin mulki ya ambata cikin hurumin kotun, kuma Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kansa a 2022. A ganina, a irin wannan rikici sirri ya fi yi wa mai laifi aiki: an biya mace ɗaya ta yi shiru, manajan yana nan kan kujerarsa, wata ma'aikaciya ta zo. Amma wadda abin ya faru da ita ce ke da ikon zaɓa, kuma babu mai zarginta in ta zaɓi rufin asirinta.

| Hanya | Sirri daga jama'a | Kariya in an koma kotu | Kuɗi | Lokaci | Ƙarkon sakamako |
|---|---|---|---|---|---|
| Sulhun manya | Ya danganta da mutane | Mai rauni, sai an rubuta | Kusan babu | Kwanaki | Mai rauni |
| Ofishin ƙwadago | Matsakaici. Babu a rikicin ƙungiya | Ba tabbas, akwai fayil | Kaɗan | Makonni zuwa watanni | Matsakaici |
| Mai sulhu mai zaman kansa | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi, da iyakoki | Matsakaici zuwa mai yawa | Kwanaki zuwa makonni | Mai kyau in an rubuta da kyau |
| Cibiyar Kotun Ma'aikata | Tattaunawa a ɓoye, ƙara da hukunci a fili | Mai ƙarfi | Na ƙara da na lauya | Kwanakin aiki 21, ƙari 10 | Mafi ƙarfi |
| Shari'a a buɗe | Babu | Ba ta taso ba | Mafi yawa | Watanni zuwa shekaru | Mai ƙarfi, ana iya ɗaukakawa |

Sharaɗin yin shiru a takardar ƙarshe

Sirrin zaman daban, sharaɗin da za a sa a yarjejeniya cewa ba za ka taɓa faɗa wa kowa ba daban. Na biyun kamfani ne ya fi buƙatarsa, don haka abin ciniki ne, kada ka ba da shi kyauta. Ka nemi ya hau kan ɓangarorin biyu, ba kai kaɗai ba. Ka nemi a cire lauyanka, iyalinka, hukumar haraji da hukumar fansho daga cikin waɗanda aka hana ka gaya wa. Ka nemi a rubuta abin da kamfanin zai ce idan wani mai ɗaukar aiki ya tambaye su game da kai, a kuma ba ka takardar shaidar aiki a ranar da aka sa hannu. Ka karanta da kyau ko an ce za ka mayar da kuɗin duka in maganar ta fita, domin tana iya fita ta bakin wani.

Sannan a kula da agogo. Sulhun manya da zirga-zirgar ofis ba sa tsayar da wa'adin shigar da ƙara. Kan kwangila shekara shida ne a jihohi da dama, amma in hukumar gwamnati ce, lauyoyinta kan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku kacal. Wani mai aikin yana jan zaman sulhu ne don lokaci ya ƙure.

Wa ya dace da wace

Idan kuɗin kaɗan ne, ba ka da takardar ɗaukar aiki, kuma ku 'yan gari ɗaya ne da mai aikin, fara da manya, amma a taƙaita mahalarta, a rubuta adadi da ranar biya, shaidu su sa hannu. In ya ƙi zuwa, ofishin ƙwadago.

Idan babban ma'aikaci ne kai a banki, kamfanin sadarwa ko asibitin kuɗi, kana son ci gaba da aiki a fannin, kuma kamfanin ma yana gudun surutu, mai sulhu mai zaman kansa ne ya fi dacewa, kafin kowa ya shigar da ƙara. Haka ma mai kamfanin da ke son rabuwa da ma'aikaci ba tare da sauran sun ji farashin ba.

Idan ka tabbata mai aikin ba zai biya ba sai ya ga sammaci, ko wa'adi ya kusa ƙurewa, shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ka nemi a tura ku cibiyar sulhu, ka yarda cewa sunanka zai shiga kundi.

Idan rikicin na ƙungiya ne, matakan dokar 1976 ba zaɓi ba ne, dole ne a bi su kafin a yi maganar yajin aiki, kuma shugabanni su amince tun farko kan wanda zai yi wa 'yan jarida magana da abin da zai faɗa.

Idan an yi maka ƙazafin sata ko almundahana, ko abin da aka yi maka ana yi wa wasu, shari'a a buɗe ce, ko kuma sulhun da zai ƙunshi rubutacciyar janyewar zargin wadda aka yarda ka nuna wa duk wanda ka ga dama.